Pouvanaa a Oopa: Kafintan Da Ya Ce Wa Janar Digol A'a

Tun ina yaro akwai wani dattijo tela a unguwarmu ta Fagge cikin Kano, mutumin Damagaram, wanda ya ƙetaro iyaka a shekarun da aka haramta jam'iyyar Sawaba a Nijar, bai kuma sake komawa gida ba har Allah Ya karɓi ransa. Duk hirar da aka ɗauko a bakin shagonsa, ko da ta tsadar yadi ce, sai ya san yadda ya karkato da ita zuwa ranar 28 ga Satumba 1958, wato ranar da Faransa ta tambayi ƙasashen da take mulka ko za su ci gaba da zama a ƙarƙashin inuwarta ko kuwa za su kama gabansu. A bakinsa na fara jin sunan Jibo Bakari, na kuma girma da zaton cewa shugabanni biyu ne kaɗai suka yi ta-maza suka umarci jama'arsu da su jefa ƙuri'ar a'a: Seku Ture na Gini da ya yi nasara, da Jibo Bakari na Nijar da aka kayar. Sai da furfura ta fara fito mini na san akwai waɗansu biyu. Ɗaya shi ne Mahmud Harbi na Jibuti. Ɗayan kuwa wani kafinta ne ɗan shekara 63 a can tsakiyar tekun Fasifik, fiye da kilomita 15,000 daga birnin Paris, mai suna Pouvanaa a Oopa. Labarinsa nake so in ba mai karatu a wannan mako, domin a ganina babu wanda aka yi wa horo mai tsanani a kan waccan ƙuri'a kamarsa, kuma ƙasarsa har yau ba ta fita daga hannun Faransa ba.

Ƙasar da ake magana a kanta ita ce Polinesiya ta Faransa, wadda aka fi sani da sunan babban tsibirinta, Tahiti, inda babban birninta Papeete yake. Tsibirai ne 118 a warwatse cikin ruwan da faɗinsa ya kusa na nahiyar Turai, amma in aka haɗa busasshiyar ƙasarsu duka ba ta wuce murabba'in kilomita 4,000 da 'yan kai ba, jama'arta kuma a ƙidayar 2022 ba su cika 280,000 ba, wato ba su kai mutanen ƙaramar hukuma ɗaya ta cikin birnin Kano ba. Faransa ta shigo ne ta ƙofar da muka sani. A 1842 ta tilasta wa Sarauniya Pomare ta Huɗu karɓar kariyarta, a 1880 kuma ɗanta Pomare na Biyar ya sa hannu ya miƙa sarautar ɗungurungum. Tsibiran da ke arewa maso yamma da Tahiti ba su miƙa wuya da sauƙi ba. An ayyana mallakarsu a 1888, amma sai a 1897 aka murƙushe turjiyar ƙarshe a tsibirin Raiatea, aka kama jagoranta Teraupoo aka kai shi gudun dole.

A ɗaya daga cikin waɗannan tsibirai masu taurin kai, Huahine, aka haifi Pouvanaa ranar 10 ga Mayu 1895, lokacin da ƙurar yaƙin ba ta gama kwantawa ba. Bai yi zurfi a makarantar Faransawa ba, kuma har ya mutu Faransancinsa bai taka kara ya karya ba. Iliminsa na coci ne. Masu wa'azin Furotesta daga Ingila sun riga Faransawa isa can tun 1797, sun fassara Baibul zuwa harshen Tahiti, saboda haka talakan tsibiran ya iya karatu da harshensa kafin ya san harshen mai mulkinsa. Da wannan harshe, da misalan annabawa da na Bani Isra'ila a hannun Fir'auna, Pouvanaa ya yi siyasarsa duka. Wanda ya san yadda 'yan siyasarmu na farko suka riƙa jawo aya da ƙissa su farkar da talaka, ba zai yi mamakin tasirin da wannan ya yi ba. 'Yan boko da manyan 'yan kasuwar Papeete, waɗanda galibinsu ruwa-biyu ne, suna yi masa kallon bagidaje. Masunta da masu noman kwakwa kuwa suka laƙaba masa suna Metua, wato uba.

Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne mutumin nan bai tashi da ƙin Faransa ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa kaki ya je ya yi mata yaƙi a ƙasarta cikin bataliyar 'yan Fasifik, ya dawo ya ci gaba da sana'arsa ta kafinta a Papeete. Da Jamus ta mamaye Faransa a 1940, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata sai tsibiran sun bi Janar Digol, wanda a lokacin ɗan gudun hijira ne a Landan, ba shi da ƙasa ba shi da runduna. A ƙuri'ar da aka kaɗa a Tahiti da Moorea a farkon Satumba na shekarar, mutum 5,564 suka zaɓi Digol, 18 kacal suka zaɓi gwamnatin da ta miƙa wuya ga Jamus. Ɗansa Marcel ya shiga cikin 'yan sa-kai na bataliyar da ta yi suna a fafatawar Bir Hakim cikin hamadar Libiya a 1942. Uba ya yi yaƙin farko, ɗa ya yi na biyu.

To amma a daidai shekarar da ɗan yake shan wuta a Libiya, uban yana tsare a gida. Laifinsa shi ne ya fito ya yi magana a kan yadda ake rabon kayan masarufi a lokacin yaƙi, da yadda waɗansu 'yan kasuwa da jami'ai ke azurta kansu da wahalar jama'a. Hukuma ta kore shi zuwa wani ɗan tsibiri a gefen Huahine. Wannan shi ne karonsa na farko da abin da zai bi shi har tsufa, wato gwamnan da ke kallon ƙorafin ɗan ƙasa a matsayin tawaye.

Bayan yaƙi sojoji suka dawo da lambobin yabo a ƙirji, suka tarar ayyukan ofis har yanzu na waɗanda ake aikowa daga Faransa ne. A farkon 1947 aka kafa wani kwamiti da sunan Pouvanaa, a watan Yuni kuma ya jagoranci jama'a, da tsofaffin sojoji a gaba, suka tsaya a tashar jiragen ruwa suka hana saukar waɗansu ma'aikata uku da jirgin Ville d'Amiens ya kawo. Hujjarsu ita ce akwai 'yan ƙasa da za su iya aikin. Aka kama shi da abokansa bisa zargin yi wa hukuma zagon ƙasa, suka yi wata biyar a tsare, kotu ta sallame su a watan Nuwamba. Gwamna ya so ya karya shi, sai ya ƙara masa kwarjini. A watan Oktoba 1949 aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Faransa, ɗan asalin tsibiran na farko da ya zauna a wannan kujera, ya kuma kafa jam'iyyar RDPT. Aka sake zaɓensa a 1951 da 1956.

A zauren majalisa a Paris ba a cika jin muryarsa ba, saboda matsalar harshe. Ƙarfinsa yana gida. Buƙatun jam'iyyarsa ba su da wani sarƙaƙiya: a ba 'yan ƙasa aikin gwamnati, a kare filayen gado daga masu sayewa, a kafa ƙungiyoyin gama-kai domin mai busar da kwakwa ya daina sayar da guminsa a farashin da dillali ya yanka, a kuma ba harshen Tahiti matsayinsa. A wancan lokaci ma bai fara maganar ɓallewa ba tukuna.

A 1956 majalisar Faransa ta zartar da dokar da aka fi sani da sunan minista Gaston Defferre, wadda ta ba kowane yanki majalisar zartarwa ta 'yan ƙasa, gwamna Bafaranshe yana shugaba, zaɓaɓɓen ɗan ƙasa yana mataimaki. Da wannan doka Jibo Bakari ya hau kujerar mataimaki a Yamai a watan Mayu 1957, da ita kuma Pouvanaa ya hau irin wannan kujera a Papeete a watan Disamba. Daga nan rayuwar mutanen biyu, waɗanda teku biyu da nahiya suka raba, ta riƙa tafiya kamar an auna da igiya ɗaya.

A nan dole in faɗi inda nake ganin Pouvanaa ya yi kuskure, domin ba waliyyi nake ba da labarinsa ba. Da hawansa mulki sai gwamnatinsa ta kawo harajin kuɗin shiga, abin da ba a taɓa yi a ƙasar ba. Tunanin daidai ne, don ƙasar da ba ta tara kuɗin kanta ba ta da bakin neman 'yanci. Amma ya kawo shi cikin gaggawa, bai shirya jama'a ba, bai kuma auna ƙarfin waɗanda harajin zai taɓa ba. A ƙarshen Afrilu 1958 'yan kasuwa suka rufe kantuna, aka yi zanga-zanga, aka jefi ginin majalisa da duwatsu, aka janye dokar dole. A cikin wannan hargitsi ya ɓata da babban na hannun damansa, Jean-Baptiste Céran-Jérusalémy, wanda shi ne ɗan bokon jam'iyyar, jam'iyya ta dare gida biyu. Pouvanaa mutum ne da ya saba a ji maganarsa kamar ta uba a gida, bai iya lallashin abokin tafiya ba. Saboda haka lokacin da babbar jarrabawa ta zo bayan wata biyar, ya shige ta da rabin rundunarsa.

Digol ya dawo mulki a watan Yuni 1958, ya gabatar da sabon tsarin mulki, ya kuma gindaya sharaɗi a fili: yankin da ya ce i zai zauna cikin tarayya da Faransa, wanda ya ce a'a ya sami 'yanci nan take, amma kada ya sa ran ko sisin kwabo. Pouvanaa ya zaɓi a'a. Sai mai karatu ya tuna yanayin ƙasar kafin ya yanke hukunci a kan sakamakon. Tsibiran da ɗaruruwan kilomita na ruwa suka raba ba a yi musu yaƙin neman zaɓe da ƙafa. Hanya biyu ce, ko rediyo ko jirgin ruwa, kuma dukansu a hannun gwamna suke. An hana shi rediyo, an kuma hana shi jiragen da zai kai ga tsibirai masu nisa, alhali kuwa shi ne zaɓaɓɓen mataimakin shugaban gwamnatin yankin kuma ɗan majalisar ƙasa. Da aka ƙidaya, kashi 64 cikin ɗari suka ce i, kashi 36 suka ce a'a. A Nijar, inda aka aiko sabon gwamna Don-Jean Colombani musamman don wannan aiki, kashi 78 aka ce sun ce i, kuma mafi yawan masu rajista ma ba su fito ba. A Gini kaɗai a'a ta yi rinjaye, da kashi 95, ta zama ƙasa mai cin gashin kanta ranar 2 ga Oktoba, Faransawa kuma suka kwashe ma'aikatansu da kayan aikinsu suka bar ta a tsaye.

Ba zan yi da'awar cewa da an ba shi rediyo da jirgi lalle da ya ci ba. Mutane da dama sun ji tsoron ranar da jirgin da ke sayen kwakwarsu zai daina zuwa, kuma tsoron nasu yana da tushe. Amma ƙuri'ar da alƙalinta shi ne ɗan takara, shi ne mai rediyo, shi ne mai jirgi, shi ne kuma mai 'yan sanda, ba ta isa a kafa hujja da ita har abada cewa jama'a sun zaɓi zama a ƙarƙashin wani ba. Kuma duk da haka fiye da mutum ɗaya cikin uku ya bi kafintan nan. Wannan adadi ne ya tayar wa hukuma da hankali.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Ranar 8 ga Oktoba aka dakatar da majalisar zartarwarsa. A daren 10 ga wata aka jefa 'yan kwalaben fetur a waɗansu wurare cikin Papeete, ba tare da wata babbar ɓarna ba. Washegari, 11 ga Oktoba 1958, aka kama shi a gidansa bisa zargin ya shirya ƙona birnin gaba ɗaya, ba a ko dubi rigar kariyarsa ta ɗan majalisa ba. A wannan wata ne dai Jibo Bakari ya sauka daga mulki a Yamai, aka kuma kawar da Mahmud Harbi a Jibuti. Bayan shekara guda, a watan Oktoba 1959, watan da aka haramta Sawaba a Nijar, kotu a Papeete ta yanke wa Pouvanaa ɗaurin shekara 8 da korar shekara 15 daga ƙasarsa. Ga mai shekara 64, wannan lissafi yana nufin kada ya sake ganin Huahine da idonsa. Aka sa shi a jirgi zuwa Faransa, ya zauna a kurkukun Baumettes na Marsey da na Fresnes kusa da Paris, daga baya aka mayar da shi ɗaurin talala, tsoho daga ƙasar zafi cikin sanyin da bai saba ba, a tsakiyar mutanen da ba ya jin harshensu sosai. Jama'arsa suka ba da amsa da ƙuri'a: a 1960 suka zaɓi ɗansa Marcel ya gaji kujerar. Marcel ya mutu a 1961, uban yana tsare.

Yanzu sai mu tambaya, me ya sa Faransa, wadda a 1960 ta saki ƙasashen Afirka goma sha huɗu cikin shekara ɗaya, har da Nijar da aka hana a'a shekara biyu kafin nan, ta riƙe waɗannan 'yan tsibirai da haƙori? Amsar ta ratsa ta kusa da gidanmu. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗin nukiliyarta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya. Dattawanmu suna tuna fargabar da aka shiga a Arewa, cewa iskar hunturu za ta kwaso gubar ta kawo mana. Gana ta ƙwace ikon taɓa kadarorin Faransa da ke ƙasarta, bayan gwaji na uku kuma gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas a watan Janairu 1961, ta rufe wa jiragenta tashoshinmu. Najeriya ta iya yin haka ne saboda wata uku kafin nan ta zama ƙasa mai tutarta. Da Aljeriya ta sami 'yanci a 1962, zaman Faransa a Sahara ya zama na ƙidayar kwanaki, sai ta nemi wurin da babu mai ikon korar jakada. Masanin tarihi Jean-Marc Regnault, wanda ya shafe shekaru yana tonon takardun wancan zamani, yana kan ra'ayin cewa tun kafin a kama Pouvanaa manyan Paris sun riga sun sa ido a kan Fasifik, kuma kawar da shi share fage ne. Akwai masu ganin hujjar ba ta kai nan ba. Ni dai abin da na gani shi ne jerin abubuwan da suka faru, kuma jerin yana magana da kansa.

An buɗe babban filin jirgin sama na Faaa a 1961. A 1963 aka fara jibge sojoji da ma'aikatan cibiyar gwaji, a watan Nuwamba na shekarar kuma aka rushe jam'iyyar RDPT da doka. Ranar 6 ga Fabrairu 1964 wani ƙaramin kwamitin majalisar yankin, da ƙuri'a 3 kacal, ya miƙa wa Faransa tsibiran Moruroa da Fangataufa. Mutum uku ke nan suka yanke wa zuriya bayan zuriya hukunci. Bam na farko ya tashi ranar 2 ga Yuli 1966. A watan Satumba Digol da kansa ya zo ya kalli wani gwajin daga cikin jirgin ruwan yaƙi, kuma a wannan ziyara ce John Teariki, wanda ya gaji kujerar Marcel, ya tsaya a gabansa ya nemi ya kwashe bama-bamansa ya kuma dawo musu da Pouvanaa. Daga 1966 zuwa 1996 an yi gwaji 193, 46 daga ciki a sararin sama kafin a koma ƙarƙashin ƙasa a 1975. Shekara da shekaru hukuma tana cewa gwaje-gwajen ba su da illa. Wani bincike da 'yan jarida da masana suka wallafa a 2021, bayan nazarin takardun soja da aka buɗe, ya ƙiyasta cewa gwaji ɗaya na watan Yuli 1974 ya watsa burbushin guba a kan mutum kusan 110,000, wato kusan dukkan jama'ar Tahiti da kewayenta a lokacin. Sai a 2010 Faransa ta yi dokar biyan diyya ga masu sankara, kuma a shekarun farko ƙalilan ne suka samu.

An bar Pouvanaa ya dawo gida a ƙarshen Nuwamba 1968, wata uku bayan an tayar da bam mafi girma a Fangataufa. Aikin gama ya gama. Ya sauka yana da shekara 73, jiki ya raunana, dubban jama'a suka tarbe shi. Ƙasar da ya tarar ba ita ce ya bari ba. Ma'adinan fosfat na tsibirin Makatea an rufe shi a 1966, matasa sun bar gonakin kwakwa da kamun kifi sun kwararo Papeete neman albashin soja, abincin gwangwani ya maye gurbin na gona. A 1971 aka zaɓe shi sanata, ya koma Paris ɗin da ta ɗaure shi a matsayin ɗan majalisar dattawa. Afuwa an yi masa, amma shi ba afuwa yake nema ba, domin afuwa ta mai laifi ce. Ya yi ta neman a sake shari'ar, ba a saurare shi ba har ya mutu a Papeete ranar 10 ga Janairu 1977. Bayan wata shida aka ba yankin matakin farko na gudanar da harkokinsa na cikin gida, aka faɗaɗa shi a 1984 da 2004.

A nan ne abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Hujjar da ake kafawa a yau ita ce tsibiran ba za su iya riƙe kansu ba, kuma in aka dubi alƙaluma sai a ga kamar gaskiya ne, domin abin da Faransa ke kashewa a can ya haura Yuro biliyan ɗaya da rabi a shekara, albashin malamai da na jami'an tsaro duk daga Paris yake zuwa, kuɗin da ake kashewa kuma ƙanin sefa ne, rana ɗaya aka haife su a watan Disamba 1945. Amma wa ya gina wannan dogaro? Kafin zuwan bam, kwakwa da fosfat da banila da bawon kawa suna biyan kaso mai tsoka na abin da ƙasar ke sayowa daga waje. Mutumin da ya ce a fara tara haraji don a tsaya da ƙafa, shi aka ɗaure. Aka zuba kuɗin soja shekara talatin har noma ya mutu, sa'an nan aka juyo ana nuna wa jama'a cewa ba su da abin dogaro. Wanda ya karya maka ƙafa ya ba ka sanda, in ya ce ba ka iya tafiya sai da shi bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi labarin duka ba. Ita kuwa Faransa ba don Allah take riƙe da wurin ba: kusan rabin yankin tekun da take taƙama da shi a duniya na Polinesiya ne.

Ban ce 'yanci shi ne maganin kowace cuta ba. Mu da muka same shi tun 1960 mun san abin da muka yi da shi, kuma Gini ta Seku Ture ta ɗanɗana kuɗarta a hannun ɗanta fiye da yadda ake so a tuna. Mutanen Tahiti da yawa a yau, ciki har da jikokin waɗanda suka bi Pouvanaa, sun fi son su zauna da Faransa bisa sharaɗin cin gashin kai na cikin gida, kuma wannan haƙƙinsu ne. Abin da nake cewa shi ne zaɓin nasu ne, kuma tun 1958 ba a sake tambayarsu ba. Ƙanƙantar ƙasa ba hujja ba ce, don kuwa ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1514 na Disamba 1960 ya hana a fake da rashin shiri a jinkirta 'yancin kowace al'umma. Ƙasashen da suka kai maganar Polinesiya gaban Majalisar ma, wato Nauru da Tubalu da Tsibiran Solomon, biyu daga cikinsu ko mutum 15,000 ba su kai ba kowacce. Da ƙoƙarinsu, da na Oscar Temaru wanda ya ɗauki tutar neman 'yanci tun 1977, ranar 17 ga Mayu 2013 aka mayar da sunan Polinesiya cikin jerin yankunan da ba su mulkin kansu, jerin da Faransa ta zare ta daga ciki tun 1947. Wakilan Faransa suka ƙaurace wa zaman. A 2023 jam'iyyar Temaru ta lashe zaɓen yankin, Moetai Brotherson ya zama shugaban gwamnati, amma tsaro da shari'a da kuɗi da hulɗa da ƙasashen waje suna nan a hannun Paris.

Shi kuwa Metua, iyalinsa ba su daina bin kadinsa ba. A 2014 ministar shari'a Christiane Taubira ta miƙa batun ga kotun da ke sake duba hukuncin da aka riga aka yanke. A 2016 shugaba François Hollande ya ziyarci kabarinsa. Ranar 25 ga Oktoba 2018, shekara 60 bayan kama shi, shekara 41 bayan mutuwarsa, kotun ta soke hukuncin 1959 ta wanke shi. Daga cikin abin da aka gabatar mata akwai shaidar tsofaffin jandarmomi cewa da barazana da duka aka tatsi maganganun da aka ɗaure shi da su. Akwai kuma wata sanarwa ta ofishin gwamna da ke shaida wa jama'a cewa an kama Pouvanaa da mutanensa saboda yunƙurin ƙona gari. Kwanan watan da ke kanta 9 ga Oktoba 1958 ne, kwana guda kafin a jefa kwalbar fetur ta farko, kwana biyu kafin a je gidansa.